Ido garau, amma ba ya ankara: abin da rauni a ƙwaƙwalwar tsakiya ke yi wa gani

Tambaya: Mahaifina yana da shekara 63, mai hawan jini ne. Wata huɗu da suka wuce ya yanke jiki ya faɗi, hoton MRI ya nuna jini ya ɗan tsinke a wani wuri da likita ya kira ƙwaƙwalwar tsakiya. Alhamdu lillahi ya miƙe, yana tafiya da ƙafarsa. A asibitin ido ya karanta haruffan allo har layin ƙasa. Amma idan jikansa ya shigo ta hagunsa ba ya lura sai yaron ya yi magana, ba ya iya ɗaga ido sama sai dai ya ɗaga kai gaba ɗaya, kuma a cikin taro sai ya rikice. A gida wasu na cewa tsufa ne, wasu na cewa share mutane yake yi. Yanzu ma so yake ya koma tuƙi. Ta yaya ido zai zama lafiya lau, amma mutum ya kasa ganin abin da ke gefensa?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Zan fara da masu cewa share mutane yake yi: su daina, suna ɗaukar alhakinsa. Abin da kika zayyana ya yi daidai da aikin wurin da aka ce ya samu rauni. Allon haruffa abu ɗaya yake aunawa, wato kaifin gani a daidai inda mutum ya kafa ido, a ɗaki shiru, babu mai gilmawa. Ankara da abin da ya ɓullo ta wutsiyar ido, da juya ido gare shi kafin a yi tunani, wani aiki ne daban, kuma hanyarsa a cikin kai daban ce.

Ƙwaƙwalwar tsakiya ƙaramar aba ce, tsawonta kamar santimita 2. Ita ce saman kututturen da ya haɗa babbar ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya. A bayanta akwai 'yan tuddai huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa, kowanne bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Na ƙasa na ji ne, na sama na gani. Sunan da likitoci ke kiransu da shi, kolikulus, kalmar Latin ce mai nufin ɗan tudu, don haka zan riƙa cewa tudun sama. A ɗan wannan wuri kuma aka cusa cibiyoyin jijiyoyi biyu daga cikin ukun da ke juya ƙwayar ido, da cibiyar da ke tsuke tagar ido, wato baƙin ɗigon nan na tsakiyar ido da haske ke shiga ta cikinsa, idan haske ya yi yawa, da cibiyar kallon sama da ƙasa, da wani siririn bututu da ruwan ƙwaƙwalwa ke bi. Shi ya sa ɗigon jini da ba zai yi wani tasiri a wani sashen ba, a nan sai ya taɓa abu uku ko huɗu a lokaci guda.

Kowace jijiyar gani tana ɗauke da zaruruwa sama da miliyan ɗaya daga tantanin bayan ido. Mafi yawansu, kusan tara cikin goma a jikin ɗan Adam da biri, suna yada zango a talamus, wata tasha da ke sama da ƙwaƙwalwar tsakiya, daga nan saƙon ya wuce ɓawon ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya. Can ne ake gane fuska, a karanta harafi, a bambance ja da kore. Wannan hanyar ce likitan ido ya gwada, kuma ta Baba tana nan daram. Ragowar zaruruwan suna ratsewa zuwa ƙwaƙwalwar tsakiya. A saman tudun akwai taswirar duk filin da ido ke gani: tudun dama yana riƙe da ɓangaren hagu na duniya, na hagu yana riƙe da na dama. A ƙarƙashin wannan taswira akwai wata ta motsin ido, an ɗora su daidai wa daida. Da abu ya motsa a wani lungu, ƙwayoyin da ke tsaron lungun su farka, na ƙarƙashinsu su tura ido can. Tudun bai damu da ko mene ne abin ba. Inda yake, da ko ya cancanci a waiwaya, shi ne kawai aikinsa.

Duk wanda ya taɓa kiwon kaji ya ga wannan aikin da idonsa. Inuwar shirwa na giftawa, 'yan tsaki sun riga sun shige ƙarƙashin rumbu. A tsuntsaye da kifi da kwaɗi, wannan sashen shi ne babbar cibiyar gani. A wajenmu ɓawon ƙwaƙwalwa ya karɓe yawancin aikin, amma ya bar wa tudun gadin ƙofa.

Yawancin abin da muka sani game da lalacewar tudun daga dabbobi muka koya, domin da wuya ciwo ya tsaya a kansa shi kaɗai a jikin mutum. A 1969 wani mai bincike a Amurka, Gerald Schneider, ya wallafa gwajin da ya yi da wasu 'yan dabbobi dangin ɓera da ake kira hamsta. Waɗanda ya lalata wa ɓawon gani, wato ɓawon ƙwaƙwalwa na wajen ƙeya, sun kasa bambance zane da zane, amma da an gilma musu da ƙwayar iri sai su juya kai su bi ta. Waɗanda ya lalata wa tudun sama kuwa akasin haka: suna bambance zanen, amma a gilma da abinci a gefensu ba za su waiwaya ba, sai in ya taɓa gashin bakinsu. Ki kwatanta wannan da Baba da jikansa. Tun kafin nan, a 1965, James Sprague da Thomas Meikle sun nuna cewa kyanwar da aka cire wa tudun gefe ɗaya tana watsi da abin da ke ɗaya gefen, tamkar babu shi.

Sprague ɗin ne kuma ya ci karo da abin da har gobe yake ba ni mamaki. A 1966 ya cire wa kyanwa babban yanki na ɓawon gani na dama, ta daina kula da duk abin da ke hagunta, kamar yadda aka zata. Sai ya ƙara mata wani raunin, ya cire tudun sama na hagu. Maimakon ta ƙara makancewa, sai ta dawo tana waiwayar abin da ke hagu. Rauni na biyu ya gyara ɓarnar na farko. Fassarar ita ce gefuna biyun nan a cikin jayayya suke kullum, kowanne na danne ɗan'uwansa. Da aka raunana dama, hagu ya fi ƙarfi ya murƙushe tudun daman da ya rage lafiya. Da aka kawar da mai dannewar, sai wanda aka danne ya samu sarari. Bincike na baya ya gyara bayanin kaɗan, ya nuna zaruruwan dannewar daga maƙwabtan tudun suke tasowa su ratsa ta gadar da ke tsakani, amma darasin bai sauya ba: ankara da abu rinjaye ne tsakanin gefe biyu.

Wannan ne ya kawo mu kan rikicewar Baba a cikin taro, wadda a ganina ita ce alama mafi muhimmanci a wasiƙarki, ko da yake a ƙarshe kika ambace ta. A 2010 Lee Lovejoy da Richard Krauzlis sun koya wa birai su sa hankali a kan wani gungu na ɗige-ɗige a allo ba tare da sun juya ido ba, su nuna inda ɗigon suka nufa idan sun ɗan motsa. A ɗaya gefen allon akwai wani gungun na ruɗi, wanda aka koya musu su yi banza da shi. Sai aka ɗiga wa tudun gefe ɗaya maganin da ke sa shi barci na 'yan sa'o'i. Idan gungun da ake so yana gefen da abin ya shafa, birin sai ya yi watsi da shi ya ba da amsar gungun ruɗin. Amma idan aka cire na ruɗin aka bar gungu ɗaya tal, sai aikinsa ya gyaru ƙwarai. Ma'ana saƙon yana isa ƙwaƙwalwa, sai dai idan akwai kishiya ba ya cin zaɓe. Shekara biyu bayan haka, Krauzlis da Alexandre Zénon suka saurari ƙwayoyin ɓawon ƙwaƙwalwa masu gane motsi a lokacin da tudun ke barci, suka tarar suna aikinsu kamar kullum, har da ƙarin kuzarin da sa hankali ke ba su. Bayanin yana nan a ɓawon ƙwaƙwalwa, amma birin bai yi amfani da shi ba.

To ɗakin gwajin ido ɗaki ne mara kishiya. Harafi ɗaya, haske mai kyau, an ce masa ga inda zai duba. Kasuwa kuwa ko bakin titi ko wajen ɗaurin aure, kishiyoyi ne ɗari. Mai irin wannan raunin zai ci gwajin farko ya faɗi na biyu, kuma 'yan gida na biyun suke gani.

Akwai kuma batun lokaci. Idon mai lafiya yana tsalle daga wuri zuwa wuri kamar sau uku a daƙiƙa ɗaya, ba tare da ya sani ba. Daga ɓullowar abu zuwa tashin ido gare shi ana ɗaukar kimanin kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, wani lokacin ma rabin haka. Robert Wurtz da Michael Goldberg sun nuna a 1972 cewa birin da aka raunana wa tudu yana iya kai ido ga abin da ke gefen, amma a makare. Peter Schiller da abokan aikinsa suka ƙara da cewa wannan tsalle mai tsananin sauri ɓacewa yake yi gaba ɗaya idan babu tudun. A zaune a falo, jinkirin da bai kai ƙiftawar ido biyu ba ba komai ba ne. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa kuwa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa guda.

A ɗan Adam, hujja mafi ƙarfi ta zo ta bayan gida, daga mutanen da suka rasa ɓawon gani amma tudunsu na nan. George Riddoch ya lura a 1917 cewa wasu sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya da aka harba a ƙeya suna jin motsin abu a ɓangaren da suka makance, alhali ba sa ganinsa idan ya tsaya cik. A 1974 Lawrence Weiskrantz na Jami'ar Oxford da abokansa suka ba da rahoton wani majinyaci da aka yi wa tiyata a ɓawon gani na dama. Yana rantsuwa ba ya ganin komai a hagunsa, amma in an matsa masa ya yi canke, sai ya nuna daidai inda haske ya fito, ya kuma faɗi ko sanda a tsaye take ko a kwance, yana mamakin kansa. Da Wurtz da Charles Mohler suka gwada a biri a 1977, sun ga cewa bayan an cire ɓawon gani birin yana iya gano ɗigon haske, amma da aka haɗa da tudun sai wannan ragowar ma ta tafi. Masana na ta muhawara kan wace hanya ce ta fi ɗaukar wannan gani na ɓoye, domin akwai wata da ke bi ta talamus, amma babu mai musun cewa tudun yana da hannu a ciki. Halin Baba kamar juyin wannan ne: wancan yana ankara bai gani ba, shi yana gani bai ankara ba.

Kasa ɗaga ido sama tsohuwar alama ce da likitoci suka daɗe da sani. Likitan ido na Faransa, Henri Parinaud, ya bayyana ta a 1883, har yau da sunansa ake kiranta. Ba tudun kansa ne ke jawo ta ba, maƙwabtansa ne na gaba kaɗan, inda zaruruwan kallon sama ke tsallakawa daga gefe zuwa gefe. Takan zo da 'yan rakiya. Tagar ido ba ta tsukewa sosai idan an haska tocila, amma tana tsukewa idan mutum ya dubi yatsansa kusa da hanci, kuma wannan na iya sa hasken rana ko fitilar mota da dare ya dame shi. Idan ya yunƙura ya dubi sama, ƙwayoyin idon na iya fizgewa ciki. Fatar ido ta sama kan ja baya har ya zama kamar yana zare wa mutane ido, abin da kan ƙara sa a yi masa mummunar fahimta. Idan raunin ya gangara gaba ya taɓa jijiyar da likitoci ke kira ta uku, ɗaya daga cikin biyun nan masu juya ƙwayar ido, fatar ido faɗowa take yi, idon ya karkace waje, mutum ya riƙa ganin abu biyu-biyu. Ɗayar kuwa, da ake kira jijiya ta huɗu, wadda ita kaɗai ce ke fitowa ta bayan kututturen, siririya ce mai saurin jin rauni a buguwar kai. Muna yawan ganin haka ga waɗanda suka faɗo daga babur ba hular kwano: saukowa daga bene ya zama musu aiki domin matakala ta rabu biyu, sai ka ga sun karkatar da kai gefe don hoton ya haɗe.

Bari in ɗan ratse saboda iyaye mata da za su karanta wannan. Jaririn da kansa ke girma fiye da kima, idanunsa suka koma ƙasa har farin ido ya bayyana a sama kamar rana za ta faɗi, wannan wurin ne ruwa ya taru ya danne. Ba maita ba ce, ba kambun baka ba ne, kuma ana yi masa aiki. A kai shi asibiti da wuri.

Akwai wata cuta ta tsufa da ke cinye ƙwaƙwalwar tsakiya sannu a hankali, wadda likitoci uku a Toronto ta Kanada, Steele da Richardson da Olszewski, suka bayyana a 1964. Masu ita sukan kasa kallon ƙasa, su riƙa zubar da abinci a riga, su riƙa faɗuwa ta baya. Na kawo ta ne don wani abu guda. A farkon shekarun 1980 Michael Posner da Robert Rafal da abokansu sun gwada irin waɗannan majinyata da gwajin da ba ya buƙatar motsa ido, danna maɓalli kawai idan haske ya fito. Suka tarar hankalinsu ma yana jinkirin tafiya sama da ƙasa, daidai inda idon ke jinkiri. Kenan abin da ke tura ido shi ne ke tura hankali, ko da idon bai motsa ba.

Wasu masu rauni a wannan wuri sukan ga mutane ko dabbobi masu launi suna wucewa a ɗaki, musamman da magariba, alhali sun san babu su. Jean Lhermitte ya rubuta labarin haka a 1922. Idan Baba ya taɓa faɗin irin wannan, ko kika lura yana ɓoyewa don kada a ce ya taɓu, ki gaya wa likitansa. Daga ciwon ne.

Yanzu abin yi. Rashin lura da hagu ba ƙwaƙwalwar tsakiya kaɗai ke kawo shi ba. A asibiti an fi samunsa daga rauni a ɓawon ƙwaƙwalwa na dama, ko daga yankewar rabin filin gani, kuma mai hawan jini na iya samun rauni fiye da ɗaya. Saboda haka ku koma wajen likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da hoton a hannu, ku faɗa masa abin da kuke gani a gida da kalmomin da kika rubuto mini, musamman zancen taro. Ku nemi a auna filin gani da na'ura, ba allon haruffa kaɗai ba. A duba motsin ido ta kowace fuska, da saurinsa, da yadda tagar ido ke amsa haske. Akwai kuma gwaji mai sauƙi da ba ya cin ko sisi: likita ya zauna gabansa, ya ce ya dubi hancinsa, ya motsa yatsa a dama kaɗai, sannan a hagu kaɗai, sannan duka biyu tare. Wanda ya ga na hagu shi kaɗai amma ya ɓace masa idan an haɗa da na dama, ya nuna matsalar kishiya da na yi bayani. Minti ɗaya ake yi, amma sau da yawa ba a yi, domin layi ya yi tsawo kuma majinyaci ya riga ya karanta allo.

A gida, a koya wa yara su yi sallama tun daga ƙofa kafin su iso gefensa, kada a ɓullo masa shiru ta hagu. A bar kayan ɗakinsa inda ya saba. A riƙa tuna masa ya juya kai da gangan, hagu sannan dama, kafin ya taka titi ko ya shiga ƙofa, har ya zame masa jiki. Wannan ba wasa ba ne, domin akwai wata cibiya a gaban ƙwaƙwalwa da ke tura ido da niyya, kuma tana da hanyarta da ba sai ta bi ta tudun ba. Gwaje-gwajen Schiller sun nuna birin da ya rasa ɗaya daga cikin biyun yana farfaɗowa sosai, sai an rasa duka biyun ne motsin idon ke durƙushewa. Abin da ya daina zuwa da kansa ana iya koyon yin sa da gangan, ko da ba zai kai saurin na da ba. Idan yana ganin biyu-biyu, akwai tabarau mai lanƙwasa haske da ke haɗe hoton, ko a rufe ido ɗaya na ɗan lokaci. Mafi yawan sauƙin da ake samu bayan irin wannan ciwo yana zuwa a wata uku zuwa shida na farko, amma yakan ci gaba a hankali bayan haka, don haka wata huɗu bai kai a yanke ƙauna ba. Maganin hawan jini kuwa kada ya tsallake ko na kwana ɗaya, ko da ya ji garau.

Idan kuka ga barci mai nauyi da ba a saba ba, ko ciwon kai da amai, ko tagar ido ɗaya ta buɗe fiye da ɗayar, ko fatar ido ta faɗo farat ɗaya, kada a jira gari ya waye. Bututun ruwan nan siriri ne, toshewarsa ba ta ba da lokaci.

Tuƙi kuwa, a'a, a yanzu dai. Na san yadda wannan magana ke yi wa dattijon da ya shekara talatin ko arba'in yana kai kansa inda yake so, kuma na san zai ce ai likitan ido ya wanke shi. Ba 'ya ce za ta karɓe wa uba makulli ba, don haka ki roƙi likitan ya faɗa masa da bakinsa, a gaban wani babba da yake jin nauyinsa, a kuma sa ranar da za a sake gwada shi bayan wata uku domin ya san ba an rufe maganar ba ne. Kafin ranar, a samu wanda zai riƙa kai shi masallaci da kasuwa, ya zauna a gaba, a bar masa faɗin hanya.